Yashin Koginmu

Talata, bayan an tashi daga aiki

Yaya,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda bai ƙoshi da ganinki ba. Yaya jiki, yaya kunnen? Da kunnen nan naki zai yarda ya ji waya, da ban zauna ina fama da biro kamar ɗan makaranta ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayan nan da yake min gargaɗi duk safiya. Na iso lafiya, ko da yake motar kasuwa ta mutu sau biyu a hanya, sau biyun kuma da mu aka tura.

Kwana goma kacal na yi a wurinki, amma da na dawo saura kaɗan in ɓata a layinmu. Filin da ke bayan wurin da muke buga bulo, inda nake zama in ci abinci ina kallon awakin mutane, an yanka shi gida-gida, wasu har gini ya kai taga. Maigidanmu ya sayo injin bulo na uku. Kafin bulo ya bushe an zo an kwashe. Kullum sai tasha ta amayo mutane da tabarmi da buhunan kaya, kowa ɗaki yake nema, ɗaki kuwa da bulo ake yin sa. A gidan da nake haya mu goma sha ɗaya ne lokacin da na shiga. Yanzu na daina ƙirgawa, famfo dai har yau guda ɗaya ne, shi ma sai ran da ya ga dama.

Abin da ke damunmu a wurin aiki yashi ne. Na kusa da gari ya ƙare ƙaf, an kwashe har an tarar da laka. Wanda tifofi ke kawo mana yanzu rabinsa ƙasa ce, ka buga bulo da shi, ka ɗaga, ya ruguje maka a hannu kamar busasshen burodi. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a, in na damƙi yashi na murza ba sai an gaya min komai ba. Kin yi min dariya da kika ga na cika gwangwanin madara da yashin koginmu, kika ce mutane na tafiya da tsaraba ni ina tafiya da ƙasa. To yana nan a kan tagata. In na dawo ɗaki ya yi min shiru, sai in zuba shi a tafin hannu in saurari ƙararsa. Babu irinsa a garin nan, Yaya, ko mai kama da shi babu.

Ki riƙa hutawa da ban ruwan lambun nan in rana ta take. Ki ba mai motar kasuwa amsa.

Naki,
Auta

*

Auta,

Takardarka ta same ni lafiya bayan kwana goma sha shida. Mai motar kasuwa ya manta da ita a ƙarƙashin kujera, ta iso da tabon baƙin mai. Kunne yana nan yadda ka bar shi, shi ya sa ba na jin gulma, na fi kowa kwanciyar hankali a garin nan. Bayanka kuwa ba ciwo ba ne, tsufa ne, ka daina nema masa wani suna. In auta ya tsufa, ina ga ni.

Lambu ya yi kyau bana. Fangali talatin da biyu na yi, tumatir da albasa, da ɗan barkono a gefe. Kogi ya ƙafe a ido kamar yadda ya saba duk rani, amma ruwan yana nan kwance a ƙarƙashin yashi. In na tona tsawon hannuna sai ya taso, garau, da sanyinsa. Haka Baba ya shayar da lambun nan, haka nake yi tun da maigidana ya rasu, da shi nake ci nake sha ban roƙi kowa ba. 'Yata tana ta aiko min in koma wurinsu. Na ce a gaya mata muddin ina tona yashi ruwa na tasowa, ba inda za ni.

Ga labari. Ranar Asabar ina cikin ban ruwa sai na ga awaki sun watse da gudu. Na juya, sai ga tifa biyu sun gangaro cikin kogi ta mashigar shanu. Ban ji zuwansu ba, a tafin ƙafata na ji ƙasa na rawa. Masu tifofin sun je sun ga dattawan gari, dattawa suka ce yashi ai ba gonar kowa ba ce, a ɗiba. Samarinmu sun samu aikin lodi, ko shebur ɗin aro babu a gari yanzu. Direban ɗayar wani dogo ne mai fara'a, ya sayi tumatir a wurina, muka yi hira da ihu har maƙogwaronsa ya dashe. Ya ce garinku suke kaiwa, kullum suna kan hanya, kuma ya san wurin aikinku. Shi zan ba wannan takarda. Ka ga yau in rubuta gobe ka karanta, abin da ban taɓa zaton zan gani ba.

Sai dai inda suke ɗiba bai fi taku ɗari da ramin ruwana ba. Kai da ka san yashi, gaya min, in aka kwashe na sama, ruwan yana zama?

Yayarka

*

Yaya,

Na ji daɗi da kike lafiya. Nima haka.

Dogon direba ya miƙo min takardarki a gaban mutane, ana tsakiyar aiki. Don Allah kada ki ƙara aiko wasiƙa ta hannunsa. Ki ci gaba da ba mai motar kasuwa, ko da za ta yi wata a hanya.

Maganar ruwa kuwa, ki kwantar da hankalinki. Kogi guda ne tifa biyu za su ƙarar? Duk damina ruwa yana kawo sabon yashi ya cike inda aka ɗiba. Haka na ji ana faɗa.

Nan gari sai ƙara cika yake. Mai benen da ke bayanmu ya haƙa burtsatse mai zurfi, cikin sati biyu rijiyar layinmu ta ƙafe, yanzu jarka muke saye wurin masu turi. Mutumin ɗakin da ke jikin nawa ya tashi, sai da na ga sabon labule a ƙofar na san ya tafi. Shekara biyu bango ɗaya ya raba mu, ban san sunansa ba, Mai Rediyo nake ce masa a raina. Da rediyonsa nake jin labarai ta cikin bango, yanzu shi ma babu.

Bulonmu ya yi kyau kwanakin nan, har daga wasu unguwanni ake zuwa saye. Maigidanmu ya ɗora ni a kan masu kwaɓa siminti. Kowa na yi min murna.

Auta

*

Auta,

Ga ta nan ta hannun mai motar kasuwa kamar yadda ka umarta, ranka ya daɗe. Lafiyata lau, tunda a layi ɗaya ka tambaya a layi ɗaya zan amsa.

Sau uku na karanta takardarka, kuma na gane. An ɗora ka a kan mutane, ba ka son a ga ana miƙo maka takardar tsohuwa mai lambu, da rubutu kamar kaza ta bi kan laka, ga shatin yatsa a jikin ambulan. Ni na goye ka, Auta. Na wanke maka abin da ba zan rubuta a takarda ba. Amma ba komai, girma ya zo maka, Allah ya ƙara. Na ji zafi dai, ba zan ɓoye maka ba.

Tifa biyun da kake faɗa sun haihu. Jiya kafin rana ta take na ƙirga goma sha huɗu. Sun kawo wata mota mai dogon wuya, cokali ɗaya in ta ɗiba ya fi aikin samari biyar, saboda haka an sallami samarin. Da suka ga ba lodi, kuma sun riga sun watsar da lambunansu, sai suka riƙa hawa kan yashin ana tafiya da su garinku. Ka duba cikin masu neman ɗaki, za ka ga fuskokin da ka sani.

Ruwan da nake samu a tsawon hannu, da farko ya koma sai na shiga rami zuwa ƙugu. Yanzu sai zuwa ƙirji, kuma abin da ke taruwa ja ne, sai na jira ya kwanta. Ina shiga da bokiti ina fita da rarrafe, da ka gan ni da ka yi dariya, ko kuma da ba ka yi ba. Fangali goma sha biyu na bari suka mutu don sauran su rayu. Na tsaya na zaɓa da hannuna, wannan ya sha, wannan kada ya sha. Mai Albasa, maƙwabcina na gabas, ya tattara nasa ya bari gaba ɗaya.

Na je wurin dattawa. Babbansu ya matso kusa da kunnena ya ce, "Haba baiwar Allah, yashi ne fa, ba zinariya ba." Na ce, "To ruwan da ka sha da safe, a ina ya kwana?" Na ga bakunansu suna dariya. Daga baya aka gaya min cewa suka yi kurma ta fara wa'azi.

Ka ce damina za ta cike. Ina jiran damina, tunda kai ka faɗa.

Yayarka, ko kana so ko ba ka so

*

Auta,

Lafiya kuwa? Wata biyar ke nan shiru. Duk ranar kasuwa sai na je bakin hanya, mai mota ya hango ni tun daga nesa ya girgiza kai. Har ya fara jin nauyina, yanzu kau da fuska yake yi. Dogo yana wucewa ta gabana kullum, bakina ya cika da tambaya, in tuna ka hana, in haɗiye. In bayan ne ya kwantar da kai, ka sa wani ya rubuta layi biyu. In kuwa maganata ce ta yi maka zafi, ka yafe min, ka san bakina tun ba yau ba. Ba ni da wanda nake rubuta wa sai kai.

Damina ta zo ta wuce. Kogi ya zo da fushin da ban taɓa gani ba, ba yashin da zai rage masa gudu, ya bi ramukan tifofi yana cin gaɓa. Rana ɗaya ya yanke gindin lambun ya tafi da shi, ina tsaye ina kallo. Da ya janye bai bar sabon yashi ba, sai baƙar laka da duwatsun da ban taɓa sanin suna ƙasa ba. Na tona wuri uku. Ƙarfen haƙa ya yi ta tsalle a kan dutse.

Na shuka fangali shida don kada hannuna ya manta, ina ɗauko musu ruwa a ka daga burtsatsen ƙauyen gaba. Ba na jin za su kai. Layinmu gida huɗu ne ke da hayaƙi yanzu, sauran kwaɗo ne a ƙofa. In na dafa abinci sai in rasa wanda zan aika wa, in zauna in ci ina kallon bango.

Ka amsa, Auta, ko da faɗa ne.

Yaya

*

Yaya,

Lafiyata ƙalau, bayana bai kwantar da ni ba, kuma ban taɓa jin kunyarki ba ko na rana ɗaya. Takardarki ta zafin nan tana aljihuna har ta yage a ninki. Na fara amsa ta ya fi sau goma. Ga abin da ya hana ni.

Ni na turo tifofin.

Kwana uku bayan na rubuta miki takardar farko aka juye mana wani yashi mai laka, abokan aiki suna ta gardama, wani na cewa ai wannan ma mai kyau ne. Sai abin ya ba ni haushi. Na ce ba ku taɓa ganin yashi ba. Washegari na zo da gwangwanin na juye a kan allon inji. Maigidanmu ya zo wucewa, ya damƙa, ya murza, ya zuba a kofin ruwa, ruwan bai ko canza launi ba. Ya ce, "Auta, ina ka samo wannan?" Yaya, shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa tambayata daga ina nake. Mutane sun kewaye ni suna saurare. Na buɗe baki na kasa rufewa. Na faɗa musu faɗin kogin, na faɗa musu zurfin yashin, na zana wa Dogo hanya a ƙasa da tsinke, har mashigar shanu na nuna masa don kada motarsa ta kafe. Ban sayar ba, ba wanda ya ba ni komai. Daɗin a tambaye ni gida kawai na ji.

Da takardarki ta zo da tambayar ko ruwan yana zama, na riga na san amsar. Na ga abin da aka yi wa kogunan kusa da garin nan. Maganar damina da na rubuta miki ƙarya ce, na faɗa ne don in samu barci. Na hana ki Dogo ne don kada hira ta yi tsawo ya ambaci sunana.

Na je wurin maigidanmu na ce a bar kogin nan haka, akwai masu sha daga gare shi. Ya ce, "Auta, ko mun bari, masu bulo nawa ne suka san hanyar yanzu? Dubi layin can, duk ɗaki suke jira. Ka ce musu su kwana a titi?" Na duba layin, na ga ɗan Mai Albasa a ciki. Na koma bakin inji. Kullum da hannuna nake kwaɓa yashin koginmu da siminti. Ina gane shi tun kafin a buɗe bayan tifa.

Ban san yadda ake neman gafarar abu irin wannan ba. Ɗakina ƙarami ne, ruwan jarka muke sha, hayaniya ba ta ƙarewa. Amma in za ki iya kallon fuskata, ki zo, zan raba shi da labule. In ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba.

Na ba Dogo wannan da kaina.

Ƙaninki

*

Auta,

Na gode wa Allah da kake tsaye da ƙafafunka. Takardarka ta zo da hantsi, na zauna a bakin ƙofa na karanta, na yi kuka, sannan na yi dariya, sannan na sake yin kuka.

Kai dai wawa ne tun kana ƙarami. Tun ranar farko na sani. Dogo bai gama zaɓen tumatir ba ya kwatsa min a kunne, "Ke ce yayar Auta? Shi ya kwatanta mana hanya, ya ce kogin gidansu ya fi na kowa!" Rabin masu lambu sun ji. A ranar har daɗi na ji, na ce ashe yaron nan yana tuna gida a gaban mutane. Ban rubuta ba ne don ina jiran ka zo da cika bakinka in samu abin tsokana. Da abu ya lalace kuma sai na ƙi ambata, na ce kada in ɗora masa kaya yana can shi kaɗai. Ban taɓa kawowa a raina cewa ɓoyewa kake yi ba. Ina nan ina zaton kunyata kake ji, kai kana can kana gadin sirrin da har awakin garin nan sun sani.

Ba zan ce ba ka da laifi ba. Kana da shi, na bakinka, da na ƙaryar damina. Da ka gaya min gaskiya a lokacin, da ban kashe ƙarfina ina jiran ruwan da ba zai zo ba. Amma tifofin nan da ba ka nuna musu ba, da wani ya nuna, garinku yunwa yake ji, ba zai tsaya a kogi ɗaya ba. Wanda ya fi ci min rai shi ne watannin da na yi a bakin hanya. Lambu kogi ne ya cinye shi ina gani. Shirun kuwa kai ka yi shi, kuma shi ya fi wuyar haɗiya. Na yafe, amma sai na faɗa maka shi a fuska tukuna, ka shirya.

Fangali shidan sun mutu ranar Lahadi. Ban tona ko'ina ba kuma. Gidan 'yata ya cika, surukina yana da kirki amma ba zan je in zama kaya a zauren wani ba. Na ba matar Mai Albasa kajina, na naɗe tabarma, na ɗaure tukwane biyu. Na ɗauki irin tumatir a ƙullin tsumma, ban san inda zan shuka shi ba, na dai kasa bari.

Motar kasuwa ta daina zuwa, tunda ba kasuwar. Dogo ya ce ranar Alhamis ne lodinsu na ƙarshe a nan, yashin ya ƙare, za su koma wani kogi a gaba. Zai sa ni a gidan gaba, kayana a bisa yashi, kuma inda yake juyewa nan zai sauke ni.

Ka tsaya a wurin, Auta, kada ka ce aiki ya riƙe ka. Ban taɓa kwana a wani gari ba sai namu, kuma tsoro nake ji.

Yayarka